Damanar da Taubashiyata Ta Yi Zane a Bayan Shagona

Shagona yana bakin babbar hanya a Dogon Dutsi, kusa da inda motocin Yamai ke tsayawa fasinja su sha ruwa. Fenti nake saidawa, da ƙusa da kwaɗo da siminti. A bayan shagon akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano inda nake tara buhuna, kuma a cikinsa ne taubashiyata ta yi damana guda tana aikinta.

Ɗiyar kawuna ce, ubanta da uwata ciki ɗaya suka fito. A Tibiri aka haife ta. Na girme ta da kaɗan, ko da yake har gobe ba ta yarda ba. Ita tana kirana bawanta, ni ina kiranta baiwata, kuma babu dattijon da ya taɓa yanke mana wannan shari'a. Da ta gama ƙaramar lakwal, wato firamare, aka kawo ta gidanmu don ta shiga kolaj, makarantar gaba da ita. Sauran ƴan mata in sun samu alli sai su zana fure ko tsuntsu, ita kuwa ba ta da abokan da suka wuce regil na jan layi da kompa na zana da'ira. Ta taɓa cika bangon madafin uwata da da'irori na gawayi masu shiga cikin juna, tun daga ƙasa har inda hannunta ya kai. Uwata ta fito da muciya a hannu, ta tsaya ta duba, ta ƙara dubawa, sai ta mai da muciyar cikin tukunya ta ce a bar shi har ruwan sama ya wanke.

Ni na bar karatu na shiga kasuwa, ita ta wuce Yamai. Ta zama malamar lissafi, ta yi aure, ta haifi ɗiyanta. Can ta koyi zanen fenti wajen masu sana'ar, kuma da farko abin da baƙi ke so take yi: raƙumin dawa, mata da tulu a ka, faɗuwar rana bisa kogi. Ana saye, amma ta ce min duk raƙumin dawan da ta zana sai ta ji kamar tana kwafar darasin wani ɗalibi. Wata shekara ta daina. Ta koma ga miƙaƙƙen layi, da kusurwa uku, da kusurwa huɗu, da da'ira, babu mutum babu dabba babu itace. Masu sayen da suka saba da ita suka watse, sannu a hankali wasu daban suka zo. Har Dakar aka gayyace ta ta yi ƴan watanni. Mu dai a gida iyakar saninmu tana zane, in an ambace ta sai mu ce Allah ya taimaka.

Wata rana a ƙarshen bazara, lakwal ta tashi hutu, ina zaune ƙofar shago sai ga ta ta sauko daga mota da bandir ɗin akoko a kafaɗa da wani akwatin katako. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ta leƙa ɗakin baya.

"Bawana, kwashe buhunan ga naka. Ɗakin nika so."

"Daga zuwa? Ke da gidan ubanki ke Tibiri?"

"Gidan ubana akwai jikoki da awaki. Nan kau daga kai sai ƙusa."

Muka zauna ta yi min bayani. Wani babban zaure a Yamai, inda ake baje aikin masu zane, ya ba ta bangayensa bayan kaka. Tana son duk abin da za ta kai ya zama da ƙasar gida ta yi shi, ba da fentin gwangwani ba. Na ce mata wannan cin fuska ne, a zo shagon mai fenti a ce ba a son fenti. Ta ɗauki gwangwanin ja, ta buɗe da bakin makulli, ta duba.

"Jan ga naka ihu shika yi," in ji ta. "Ya yi daidai da ƙohwar gareji. Ni ja mai magana a hankali nika nema."

Ban gane ba, amma na kwashe buhunan.

Neman ƙasa da babur ɗina muka yi shi, kafin ruwa ya sauka sosai. Ni ke tuƙi, ita tana baya da ƴar fartanya da tsofaffin buhunan shinkafa. Ja ba ta ba mu wahala ba, ga ta nan zube a gindin dutsen da garinmu ya ci sunansa. Amma ashe jan ma iri-iri ne. Akwai mai kamar hanta, akwai mai kamar garin barkono, akwai wani da in ta jiƙa shi da miyau a bayan hannu sai ya koma kamar goro da aka tauna. Na tashi ina kallon dutsen nan kullum, ban taɓa sanin ya tara wannan duka ba. Fara kuwa a fadamar Tibiri muka samo ta, wajen masu ginar rijiya, suna ta mamakin mace mai tabarau tana roƙon abin da suke zubarwa.

Ruwan ɗorawa ce ta ja mana magana. Wani ya kwatanta mana wani kwazazzabo kan hanyar Gecheme, bayan wani ƙauye. Muka je muka ishe ƙasar kamar an barbaɗa mata garin ɗorawa. Taubashiyata ta durƙusa tana tono tana ɗagawa ga rana tana cewa, "Dubi! Dubi yadda taka walƙiya!" Wani manomi yana sharar gona can gefe, ya tsaya yana kallonmu. Muka yi masa sannu, ya amsa, muka cika buhu muka tafi.

Da muka koma ƙaro wata bayan ƴan kwanaki, kwazazzabon ya zama kamar gidan gara. Rami nan, rami can, samari da diga da shebur, har da mai saida shayi ya kafa tebur. Labari ya bazu cewa wata Hajiya daga Yamai ta gano zinari. Kafin mu sauka daga babur aka ce maigari yana nemanmu.

Ni gabana ya faɗi. Ita kuwa ta shiga zaure ta durƙusa ta gai da dattijon, ta roƙi ruwa a ƙoƙo. Ta sa aka ɗebo mata ƙasar kwazazzabon, ta dama da yatsa, ta ciro ƙyallen akoko daga jaka, ta ja masa layi guda mai kyau, ta miƙa masa.

"Baba, ga zinarin. Iyakarsa ke nan."

Maigari ya juya ƙyallen gaba da baya. Ya dubi samarin da suka cika ƙofar zaure, duk sun yi buɗu-buɗu da ƙasa, sai ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Ku da kunka ƙi noma gonar ubanninku, ga shi kun nome kwazazzabo!" Aka kawo mana fura. Samarin nan da kansu suka cika mana buhuna, tunda dai an riga an tone, kuma muka dawo gida da zakara ɗaure a bayan babur.

Sai aikin gyaran ƙasa. Mai ɗakina ta hana turminta, ta ce ba za a ba ta jar fura ba, amma ta nemo wani tsohon turmi mai tsage a maƙwabta. A daka, a tankaɗe da rariya, a jiƙa a roba, a bari tsakuwa ta kwanta, a tsiyaye na sama, a shanya. Abin da ya rage laushinsa kamar kwalli. Shi take haɗawa da ƙaro da ta jiƙa, don ya kama tufa. Baƙi daga gawayi ta yi shi. Shuɗi kawai ta saya, wajen marina. Kafinta ya haɗa mata katakai, ta ja akoko a kansu ta buga, har in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga.

Na zaci daga nan sai shafa launi. Ina! Sai ta kwantar da katakon a ƙasa, ta jera ƙananan ƙusoshi a gefensa, ta riƙa ɗaura zare daga wannan zuwa wancan. Ta koma kan kujera da kofin shayi ta zuba wa zaren ido. In na sallami mai saye na leƙo, tana nan. In na je masallaci na dawo, tana nan, sai dai zare guda ya matsa da faɗin yatsa. Sai ranta ya kwanta sannan ta ja layi da fensir, ta manna sikoci, wato salatif, a bakin layin, ta cika kusurwa guda da launi. In ya bushe takan kira ni in ga ɓare sikocin. Wannan kam ko ni yana min daɗi: ta ja a hankali, bakin launin ya fito a miƙe kamar an yanka da aska.

Damana ta yi kyau a shekarar, kuma ƙaro ba ya son laima. Wani lokaci launi ya wuni bai bushe ba. Ta fito ƙofar shago ta dubi gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ta ce, "Kai kuma ka sake dawowa?"

Na ce, "Yi a hankali, baiwata. In manoma sunka ji ki, ni ba ni iya ƙwatarki."

Akwai wani zane da ta daɗe a kansa, ni a idona ya ƙare har ya yi kyau. Wata safiya na ishe ta shafe shi duka da farar ƙasa. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce layi guda ya yi nauyi, ya danne sauran, kuma gyara ba ya ɗaga shi. Ranar ba ta yi wasa da kowa ba, mai ɗakina ta aiko mata da kopto na zogale da ƙuli-ƙuli, ta ci kaɗan ta rufe. Washegari ta sake ɗaura zare.

Na daure na daure, wata rana dai na yi tambayar da ke cina. Na nuna wani mai jajayen kusurwoyi da suka taru gefe guda, na ce, "Don Allah wanga hoton mi ne?"

Ta kamo wuyan rigata. "Aikin ga da ke wuyanka, hoton mi ne?"

Na duba. Rigar sallata ce ta bara, ɗinkin hannu. Na ce ba hoton komi ba ne, aiki ne.

"To mi ya sa ka zaɓe ta ka bar sauran?"

"Ita ta kwanta min."

"Shi ke nan. Je ka saida ƙusarka."

Mutum guda nake ɗari-ɗari da shi a kan wannan aiki, wato maƙwabcina mai shagon salula. Saurayi ne mai gemu da ɗangalallen wando, yana karantar da yara a islamiyya da la'asar. Mutumin kirki ne, muna shan shayi tare, amma na san ko kalanda mai hoton mutum ba ya ratayawa. Da ya ji an ce mai zane ta sauka bayan shagona sai ya ɗan janye jiki. Ni kuma na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Wata rana ruwa ya kama shi a rumfata, ƙofar ɗakin baya kuma a buɗe. Ya yi sallama daga bakin ƙofa, ta amsa ta ce ya shigo. Ya tsaya yana bin bango da kallo.

"Madam, gafarta mini. Babu mai rai ciki?"

"Nemo, malam. In ka samu, naka ne."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har yana karkata kai. Ya dawo yana murmushi ya ce bai samu ko ƙuda ba. Amma wani abu daban ya dame shi. Ya nuna wani zane ya ce dama da hagu ba su yi daidai ba, in da an matsar da da'irar nan tsakiya da komi ya zauna. Ta ce da gangan ta kauce da ita, in komi ya zauna daidai ido sai ya yi barci. Ya ce shi a ganinsa tsari shi ne kyau. Suka yi ta yi, rabi Hausa rabi Faransanci, har ruwa ya ɗauke bai sani ba. Tun daga ranar, in kasuwa ta yi sanyi sai ya leƙo ya ga inda aka kwana, ya ce da'irar nan dai har yanzu tana damunsa.

Hatsi ya nuna, aka fara yanka, zanuka suka cika ɗaki. Muna shirin ɗaure su sai mai ɗakina ta ce, "Yanzu mutanen Yamai za su riga mu gani? Mu da munka sha ƙarar turmi?" Taubashiyata ta ce wallahi ta yi gaskiya. Muka sa ranar kasuwa. Da safe muka jera su a rumfar shagona, maƙwabcina ya ba da bangonsa, muka share wuri muka yayyafa ruwa.

Mutane suka taru fiye da zatona. Wasu su duba su yi dariya su wuce, wasu su tsaya. Mata sun fi daɗewa, suna nuna wa juna suna cewa wannan kamar bakin faifai, wancan kamar zanen ƙwarya. Samarin ƙauyen zinari ma sun zo kasuwa, suka gane ƙasarsu tun daga nesa, suka tsaya gabanta ana ɗaukarsu hoto da salula.

Wajen hantsi motar Matankari ta sauke innata. Yayar uwata ce, ita ce babbarsu duka, don haka ni innata ce, taubashiyata kuma gwaggonta. Tsohuwa ce ƴar firit, da tsagen Arawa daga gefen baki har kunne, bakinta ja da goro. Kowa ya san a zamaninta in an ji gogen bori a Matankari ba a rasa ta a wurin, kuma har yanzu ba ta wuce wata tsamiya ba ta yi gaisuwa ba. Ta karɓi gaisuwarmu a tsaye, ta bi zanukan da sandarta tana gyaɗa kai, har ta iso ga wanda ya fi duka tsawo. Siriri ne, ya fi ni tsayi, baƙi ne da shuɗi, da wani farin layi da ya tashi tun daga ƙasa ya miƙe, sai can sama ya karya gefe. Ƙananan jajayen kusurwoyi suna biye da shi ta hagu.

Inna ta tsaya cik. Ta cire takalmi.

"Wagga Doguwa ta," in ji ta. "Ga ta nan tsaye ta ba mu baya."

Taubashiyata ta ce, "Gwaggo, layi ne kawai. Da zare na auna shi."

"Ke kin auna. Ita kau ta zaka ta tsaya."

Maƙwabcina yana kusa. Na ga ya gyara tsayuwa, na ce a raina yau ake yin ta. Sai ya matso ya rage tsawo gabanta, ya gaishe ta da ladabi.

"Kaka, babu kowa ciki. Ni da kaina na bincika tun ana yin shi."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan wa ne wanga mai gemu?"

Aka gaya mata.

"Af! Ni na yi wa uwarka guɗa ranar da anka kai ta ɗaki. Kai da ka zo duniya jiya, in ta tsaya gabanka ma ina za ka gane ta?"

Jama'a suka sa dariya, shi ma ya yi. Amma bai ja da baya ba. Ya ce shi dai abin da ya sani, wannan lissafi ne da ƙasa da ƙaro, kuma Allah kaɗai ake tsoro. Inna ta ce wa ya ce masa tsoro take ji, gaisawa kawai suka yi. Wani direba ya sa baki ya ce su duka sun ɓata, wannan hanyar Konni ce, ga ma kwanar da ke cin taya. Aka juya ga mai zanen ta raba gardama. Ta ɗaga hannu biyu ta ce ita nata ya ƙare tun ranar da ta ɓare sikoci.

Aka kawo wa Inna tabarma, ta zauna gaban zanen ta sha fura, ta yi azahar a gidana, ta dawo ta sake zama. Da la'asar motar Matankari ta fara kiran fasinja, sai ta miƙe ta nuna shi da sanda.

"Ku ɗauko min ita. Gida za mu."

Taubashiyata ta zaro ido. "Gwaggo, wanga shi ne babbansu! Shi za a sa a bakin zaure a Yamai. Ɗauki wani, duk wanda kika so."

"Ɗiyar ƙanena ta yi, da ƙasar kakannina. Wa zan roƙa? Mutanen Yamai?"

Taubashiyata ta dube ni tana neman taimako. Na ce ni ba ni shiga tsakanin mutum da gwaggonsa. Ta dubi zanen, ta dubi tsohuwar da ke tsaye ba takalmi, sai ta yi dariya har da hawaye ta ce a ɗauko.

Maƙwabcina ne ya kawo kwalaye daga shagonsa ya naɗe shi, ya hau bisa motar da kansa ya ɗaure tsakanin buhunan gishiri. Yana jan igiya yana cewa tunda babu kowa ciki, ba laifi ya taimaka. Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗaure ta da kyau dai, mai gemu, kar ta sauka a hanya."

Sauran kwanakin taubashiyata ba ta huta ba. Ba ta sake yin irinsa ba, ta ce abu ba ya zuwa sau biyu, wani daban ta yi mai da'ira babba ruwan ɗorawa. Muka ɗaure su duka aka sa a mota. Ni ban samu zuwa Yamai ba saboda shago, amma mai ɗakina ta je, ta dawo tana ba da labarin farin bango da fitilu, da mutane masu magana ƙasa-ƙasa kamar an yi rasuwa. An yaba aikin ƙwarai, har wasu zanukan suka ƙetare teku. Ba a daɗe ba taubashiyata ta ajiye koyarwa, ta gina ɗakin aikinta a Tibiri, tana zuwa tana komawa.

Bayan sallar layya muka je Matankari gai da Inna, ni da ita. Muka yi sallama muka shiga ɗaki, idonmu ya saba da duhu, sai ga zanen a bangon bayan gado, bisa jeren kwalla, a kwance. Farin layin ya miƙe daga wannan kusurwar ɗaki zuwa waccan.

"Gwaggo! Wa ya kwantar da shi?"

"Rufin ɗakin ya yi mata gajarta. Kuma ta gaji da tsayuwa, tun damana taka tsaye."

Taubashiyata ta ja da baya kaɗan, ta karkata kai. Ta zauna bakin gado ta juya tana kallonsa. Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, ni da Inna muka ci muka yi hirar dangi, wa ya haihu, wa ya tafi ci-rani, ita kuwa idonta yana kan bango. Da za mu tafi ta roƙi Inna aron zaren da take ɗinkin faifai, ta auna bangon da shi, ta ƙulle, ta sa a jaka.

Zanukan da ta yi a shekarar da ta biyo, kusan duka dogaye ne kuma a kwance suke. Na tambaye ta ko gwaggonta za a rubuta a ƙasansu. Ta ce in rufe mata baki, kuma in aiko mata da ƙananan ƙusa a motar Tibiri, nata sun ƙare.